Yadda ake gane ɓarnar iska da ƙanƙara a rufin da bai yaye ba

Tambayar ta zo ne daga wani malamin firamare da ke zaune a wani ƙauye a yankin Ringim, Jihar Jigawa. Ya ce a farkon daminar nan an yi hadari mai iska haɗe da ƙanƙara, rufin gidaje da dama a unguwarsu ya yaye, nasa kuwa ya tsaya. Bayan 'yan kwanaki sai ya ga jirwayen ruwa a silin ɗin ɗaki ɗaya, da ya leƙa daga kan katanga kuma ya ga kwanon ya yi tabo-tabo. Kafinta ɗaya ya ce a canza kwanon gaba ɗaya, wani ya ce babu abin da ya same shi. A gidan akwai ɗakin soro da mahaifiyarsa ke kwana a ciki. Yana so ya san yadda zai tantance ɓarnar da kansa kafin ya kashe kuɗi.

Malam, Allah Ya kiyaye gaba, Ya mayar wa maƙwabtanka da alheri. Aikina duba gine-gine ne da lura da aikin rufi, kuma abin da na fi so ka riƙe tun daga farko shi ne cewa kafintocin nan biyu duk kwanon suka kalla, alhali maganar tana ƙarƙashinsa. Tabon ƙanƙara shi ido ke fara gani, shi ke tayar wa mai gida da hankali, amma da wuya ya zama sanadin rasa rufi. Ɓarnar iska kuwa a jikin kusoshi take, da katako, da ɗaurin da ke riƙe katakon a bango, wuraren da mai tsaye a tsakar gida ba ya hangowa. Rufin da ya tsira daga hadari ɗaya sau da yawa ya riga ya saki, hadari na biyu ne ke ƙarasa shi, ko da bai kai na farko ƙarfi ba. Saboda haka zan daɗe a kan iska fiye da ƙanƙara.

Kafin ka duba komai, ya kamata ka san yadda iska ke cin rufi, domin shi zai nuna maka inda za ka sa ido. Idan iska ta bugi bango ta haura ta wuce ta kan kwano da gudu, nauyin iskar da ke danne kwanon daga sama yana raguwa, ita kuwa iskar da ke cikin ɗaki tana nan da ƙarfinta, sai kwanon ya riƙa neman tashi sama. Wannan ja ya fi tsanani a kusurwoyin rufi, da bakinsa, da ƙoƙuwarsa inda ɓangarori biyu suka haɗu, tsakiyar kwano kuwa ba ta cika shan wahala ba. Idan aka yi rashin sa'a ƙofa ko taga ta buɗe a gefen da iskar ke bugowa, ɗakin ya cika da iska, sai a haɗu a kan rufin ta fuska biyu, ana ja daga sama ana turawa daga ƙasa. Ƙarfin kuma ba daidai da gudun yake hawa ba: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take bugun rufi da shi ninkawa yake sau huɗu, don haka iska mai gudun kilomita 120 a awa ta ninka mai kilomita 60 sau huɗu wajen ƙarfin bugu. A ƙasar Kano da Jigawa manyan hadarai daga gabas suke tasowa su nufi yamma, shi ya sa magina na da suke ba bangon gabas kulawa ta musamman, kuma shi ya sa gidajen da ke gabashin gari, inda babu bishiya ko wani gini da zai tare musu, suka fi yawan rasa rufi.

Akwai dalilin da ya sa hadarin watan Mayu da Yuni ya fi yaye kwano, ban da cewa iskarsa ta fi zafi. Rufin ya fito ne daga watanni na hunturu da bazara, katako ya bushe ya tsuke, musamman idan ɗanye aka buga shi, don haka ya sassauta riƙon da ya yi wa kusa. Shi kuma kwano kullum da rana yana miƙewa saboda zafi, da dare ya koma, wannan ƙaran da ake ji yana yi da tsakar rana ke nan, kuma kowane motsi yana ɗan faɗaɗa ramin kusa. Aluminiyum yana miƙewa kusan ninki biyu na kwanon ƙarfe. Hadarin farko yana tarar da rufi a sake, ya girgiza shi, ya ƙara masa saki.

Ka fara daga ƙasa, da safe ko da la'asar lokacin da rana ke gefe, domin a lokacin ne inuwa ke fito da duk wani tudu ko lotsawa. Ka ja da baya sosai ka dubi layin ƙoƙuwar rufin da layin bakinsa, ka ga ko suna nan a miƙe kamar yadda ka san su, ko wani wuri ya yi tozo, wani ya sunkuya. Ka zagaya gidan kana duban kusurwoyi huɗu, ka fi tsayawa a na gabas. Kwanon da ya ɗaga leɓe, ko wanda ya yi karaya a tsaye daidai layin kusa na farko, iska ce ta naɗe shi sama ya dawo ya kwanta, kuma kusoshin wannan layi sun riga sun tashi daga aiki ko da ka gan su a wurinsu. Ka dubi ƙasa a gindin bango. Kusar kwano da ka tsinta a ƙasa, ko guntun roba na ƙarƙashin hularta, ko ɓarɓashin filasta da ya zubo daga saman bango, duk shaida ce cewa wani abu ya motsa a sama. Wannan ɓarɓashi na fi ba shi muhimmanci a kan sauran, domin yana nufin katakon da ke kwance a kan bango ya ɗaga ya koma. Idan ka ga tsaga sabuwa a kwance, tana bin saman bango ƙasa kaɗan da rufi, to rufin ya ɗaga tare da layin bulo na ƙarshe, kuma wannan gyara ne na magini da kafinta tare. Sannan ka saurara. Rufin da a da shiru yake, yanzu kuwa iska kaɗan ta sa shi kaɗawa da ƙara, ya gaya maka abin da ke damunsa.

Daga nan sai ciki, kuma a nan ne za ka samu mafi yawan amsar tambayarka. Idan silin ɗin yana da ƙofar shiga, ka leƙa ta nan, idan babu, a cire falle ɗaya a kusurwa, kuɗin mayar da shi bai kai na abin da za ka gano ba. Ka yi wannan da tsakar rana, ka fara ba tare da tocila ba. Duk inda ka ga zaren haske yana saukowa, rami ne: ko kusa ta fita, ko ramin ya faɗaɗa ya wuce hularta, ko haɗin kwano biyu ya buɗe. Bayan haka ka kunna tocila ka bi katakon da aka buga kwanon a kansa, tu-bai-tu ko tu-bai-tiri. A rufi mai lafiya kwanon yana zaune daram a kan katako. Idan ka ga tazara tsakaninsu har kana hango jikin kusa, musamman idan wannan sashe na kusar yana ƙyalli alhali sauran ƙarfen wurin ya dushe, to sabon zarewa ne, hadarin nan ne ya yi shi. Ka sa tafin hannu ka tura kwanon sama a hankali a wurare da dama, ka ji ko yana bin hannunka. Kusar da ta taɓa zarewa tamkar haƙori ne da ya fara girgiɗa, mayar da ita cikin tsohon raminta da guduma ba ya dawo mata da ƙarfinta.

Ka bi kuma inda waɗannan ƙananan katakai suka hau kan rafta, wato manyan katakan da suka gangaro daga ƙoƙuwa zuwa bango, domin sau da yawa kusa ɗaya tak ce ke riƙe da su, kuma rufin da ya tafi da katakonsa a manne yawanci daga nan ya rabu. Ka duba tsagewar katako a bakin kusa. Sabuwar tsaga cikinta fari ne ko ja mai haske, tsohuwa kuwa ta yi duhu ta sha ƙura. Ka soka wa katakon tsinin wuƙa ko kusa a wurare da yawa, musamman inda ya shiga bango, saboda gara tana cinye ciki ta bar ɓawo, katakon ya yi kyau a ido alhali ba ya riƙe komai. Game da jirwayen da ka gani a silin, kada ka ɗauka ramin yana saitinsa. Ruwa yana bin ƙasan kwano ko jikin rafta ya gangara mita ɗaya ko biyu kafin ya ɗiga, don haka ka bi sawun danshi a jikin katako zuwa sama har ka kai mafarinsa.

Abu mafi muhimmanci a binciken nan duka shi ne ɗaurin rufi da bango. A ginin bulo da aka yi da kyau, akan bar rodi siriri ko ƙarfe mai faɗi a cikin lintar da ta zagaye ginin, a lanƙwaso shi a kan katakon da ke kwance a bango da kan kowace rafta. Ka nemo waɗannan ɗaure-ɗaure ɗaya bayan ɗaya da tocila. Wanda ya miƙe, ko ya buɗe baki, ko ya tsinke, ko ya fasa simintin da ke gindinsa, ya karɓi ja mai tsanani. A ƙauyuka na sha tarar da rufin da babu abin da ke riƙe da shi sai waya da aka zura cikin bulo na ƙarshe, ko kuma nauyin bulo biyu da aka ɗora a kan katako. Ginin ƙasa da aka yi wa rufin kwano ya fi shiga wannan hali, domin ƙasa ba ta riƙe ƙarfe yadda siminti ke yi, sai dai a zura wayar ta sauko ƙasa sosai cikin bango a ɗaure ta da guntun rodi ko itace mai ƙarfi a kwance. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake ɗorawa a kan kwano na san dalilinsu, kuma ba na zargin wanda hali ya sa ya yi haka, amma suna tara ruwa da datti su jawo tsatsa, kuma idan iskar ta fi ƙarfinsu, kan mutane suke faɗowa.

Hawa kan rufi shi ne mataki na ƙarshe, kuma na fi so kafinta ya hau kai kana kan tsani kana gani. Kada a hau kwano yana jiƙe, ko hadari na haɗowa, ko kafin a tabbatar babu wayar lantarki da ta tsinke ta kwanta a kai. A taka kan layin kusa kaɗai, inda katako yake a ƙasa, ko a shimfiɗa faffaɗan katako a bi ta kansa. Abin da za a duba shi ne hular kowace kusa. Wadda ta ɗago har farce ke shiga ƙarƙashinta ta saki. Wadda ta karkace gefe ɗaya, kwanon ne ya ja ta. Ramin da ya tashi daga zagaye ya koma dogo, ko ya yi 'yar tsaga a gefe, alama ce cewa kwanon ya yi ta kai da komo a ƙarƙashin hular, kuma a siririn kwano, wanda wani ma kaurinsa bai kai milimita 0.2 ba, kusar kan zauna a katako lafiya lau kwanon ya yage ya fice ta kanta. A duba ko a kan tudun kwano aka buga kusoshin, domin wadda aka buga a cikin kwari tana kan hanyar ruwa, yoyonta ba ya buƙatar hadari. A duba murfin ƙoƙuwa, wanda shi iska ke fara ɗagawa, da haɗin gefe, inda ya kamata falle ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi, da haɗin tsawo, inda bai kamata hawan ya gaza santimita 15 ba. Kafintan da ya rage wannan don bandir mai falle 20 ya rufe wuri mai yawa ya bar wa ruwan iska ƙofa, kuma irin wannan rufi yakan yi yoyo ne kawai ranar da aka yi ruwa da iska, ya yi shiru a ruwan da ke sauka a tsaye.

Yanzu ƙanƙara. Kafin ka yanke cewa ita ta yi tabon, ka nemi shaidarta a ƙasa, domin ba rufi kaɗai ta faɗa wa ba. Ganyen gwanda, zogale da mangwaro za su nuna huji da yagewa, tukunyar aluminiyum ko kwanon wanki da aka bari a waje za su nuna lotsawa, haka tankin babur. Ka tambayi mutanen gida girman da suka gani. Mai girman ƙwayar gyaɗa ba ta yi wa kwanon ƙarfe komai sai ƙara. Daga girman goro zuwa sama, wato kusan santimita biyu da rabi, ake fara ganin tabo sosai, kuma aluminiyum ya fi saurin nunawa saboda taushinsa, mai kaurin milimita 0.45 ya fi mai 0.55 lotsawa. Tabon ƙanƙara zagaye yake, ba shi da kaifi, girmansa ya bambanta, a warwatse yake babu tsari, kuma ya fi yawa a ɓangaren da ya fuskanci iskar. Idan yana da wuyar gani, a kwantar da alli a goga a kan kwanon, wuraren da suka lotsa za su fito babu alli a cikinsu.

Akasarin waɗannan tabo muni ne kawai, ruwa ba ya shiga ta cikinsu, kuma ban ga hujjar cire kwano mai ƙarfi saboda su ba. Waɗanda za ka damu da su iri uku ne. Akwai wanda ya faɗa a bakin haɗin kwano ya buɗe shi, akwai wanda ya faɗa a gefen wata kusa ya lotsa wurin har hular ta daina zama daidai, sannan akwai wanda ya fasa fenti ko shafen tutiyar da ke kare ƙarfen. Wannan na uku ba ya nuna kansa nan take. Bayan makonni za ka ga ɗigon tsatsa a tsakiyar tabon, kuma idan rufin ba shi da gangara sosai, ruwa ya riƙa kwanciya a ciki, nan ne zai fara hujewa bayan 'yan damina. Maganinsa goge wurin da shafa fentin hana tsatsa tun da wuri. Yawanci tsohon kwano da tsatsa ta riga ta cinye ne ƙanƙara ke hudawa kai tsaye, kuma shi dama lokacin canza shi ya yi.

Ba kowace lotsawa ce ta ƙanƙara ba, kuma wannan yana da amfani idan gardama ta taso tsakanin mai gida da ɗan haya ko da wanda ya yi aikin. Sawun ƙafa babba ne, dogo, yana tsakanin layukan kusa, kuma yana bin hanya guda, galibi zuwa inda aka kafa sola ko eriya. Dutsen da yara suka jefa yana barin ƙarci mai kaifi, sau da yawa ma za ka tarar da dutsen a kwarin kwano. Tabon guduma yana gefen kusa. Na 'ya'yan itace da rassa kuwa yana ƙarƙashin bishiya kaɗai. Tsohon tabo cikinsa ya tara ƙura ko ya yi tsatsa, sabo kuwa tas yake, wani lokaci har ya fi kewayensa haske saboda ƙanƙarar ta kankare dattin wurin.

Ba ka faɗa mini ko rufin naka mai rawani ba ne, wato wanda bango ya haura ya ɓoye kwanon, irin da ya yawaita a ƙasar Kano. Idan shi ne, to ka fara zargin magudanar da ke bayan rawanin kafin ka zargi kwanon. Ƙanƙara da ganyen da iska ta kakkaɓo suna toshe bakin indararo cikin 'yan mintuna, ruwa ya taru ya haura ta ƙarƙashin bakin kwano ya zubo cikin ɗaki, daga baya ƙanƙarar ta narke, a zo a duba a rasa ta inda ya shiga. Jirwaye a silin da ke bin gefen bango, wanda bai sake jiƙewa ba a ruwan da ya biyo baya, yawanci labarinsa ke nan. A share magudanar, a faɗaɗa bakin indararon, a duba inda kwano ya shiga bango ko filastar wurin ta tsage.

Idan akwai farantin sola a kai, a duba gilashinsa da ƙafafunsa. Gwajin da aka saba yi wa waɗannan faranti shi ne harba musu ƙanƙara mai faɗin milimita 25 da gudun mita 23 a daƙiƙa, don haka ƙarama ba ta cika fasa su ba, amma iska tana jan farantin ta faɗaɗa ramukan da aka huda a kwano don ɗaure shi. Tsohon rufin asbestos, irin na wasu makarantu da gidajen ma'aikata, fashewa yake maimakon lotsawa, kada a taka shi, kada a yanka shi da zarto ko a kankare shi, domin ƙurarsa tana cutar da huhu.

Ɗakin soron Hajiya mahaifiyarka shi zan so ka duba yau, kafin na kwanon, domin kwano idan ya lalace dukiya yake ci, soro kuwa a kan mai barci yake faɗowa. Ƙanƙara tana sassaƙe yaɓen saman soro, ta cire fatar da makuba ko siminti suka yi masa, ta bar ƙananan ramuka, ruwan da iska ta koro kuma ya zaizaye rawani da saman bangon gabas. Ka hau bayan an ɗauke ruwa ƙasa ta sha iska, ka duba ko akwai inda ruwa ya kwanta ya bar zobe, ko tsaga tana bin gindin rawani, ko gefen indararo ya zaizaye har ruwa na bin bango maimakon ya tsallake shi. Bakin indararo shi ne raunin kowane soro. Daga ciki, ka dubi azara ɗaya bayan ɗaya. Azarar giginya ta ainihi tana jure gara, amma yanzu da yawa itacen darbejiya ko turare ake sawa, waɗanda ba su kai ta ba. Azarar da ta yi ciki ta sunkuyo, ko ta yi baƙi da danshi a inda ta shiga bango, ko ƙasa da ke zubowa a kan shimfiɗa da safe, ko ƙara kamar ana karya kara da dare, ko ƙofar da ta fara cijewa alhali da ba ta yi, kowanne daga cikinsu ya isa a fitar da mutum daga ɗakin a ranar. Ƙasar rufi idan ta sha ruwa nauyinta yana ƙaruwa ƙwarai, kuma a watan Agusta, lokacin da ake jera kwanaki ana ruwa, ake samun rushewar da ta faro daga ɓarnar da aka raina a watan Yuni. Kada a gyara ta hanyar ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa kowace shekara ba tare da an rage ba, domin nauyi ake ƙara wa azarar da ta riga ta gaji. A kankare wurin da ya lalace, a cike, a daddale, a gyara gangara zuwa indararo, sannan a yi yaɓe.

Rumbu da ɗakin jinka ba su da wahalar ganewa: a duba ƙoƙuwa ko ta buɗe, da igiyar da ta ɗaure jinkar ko ta tsinke, a shiga ciki a ga ko haske na ratsowa, a ƙara shuci inda ya yi sirara tun hatsi bai jiƙe ba.

Game da hukuncin kafintocin naka, ga yadda zan auna. Idan katako lafiyayye ne, ɗaurin bango yana nan, kwanon bai yi tsatsar da ta ratsa shi ba, to aikinka na kusa ne da 'yan fallaye, ba na sabon rufi ba. A cire duk kusar da ta saki, a buga sabuwa mai murɗaɗɗen jiki da roba a ƙarƙashin hula a wuri sabo kusa da tsohon, a toshe tsohon ramin da tef ɗin kwalta bayan an goge wurin ya bushe. A bakin rufi, da kusurwoyi, da ƙoƙuwa, a ƙara yawan kusa fiye da na tsakiya, a buga a kowane tudu ko a tsallake ɗaya kawai. Fallen da ya karye ko ya yage a bakin kusa a canza shi, miƙe shi da guduma ɓata lokaci ne. Idan aluminiyum ne, a nemi kusar da aka yi dominsa, saboda kusar ƙarfe tsirara tana cin aluminiyum a inda suka haɗu idan danshi ya shiga. Idan kuwa ka tarar gara ta ci katako, ko babu ɗauri tsakanin rufi da bango, to a nan kuɗinka ya kamata ya fara tafiya, ko da kwanon zai ci gaba da zama da tabonsa. Idan za ka shigo Kano sayayya, Ƙofar Ruwa don rodi ko 'Yan Katako na Na'ibawa don katako, ka zaɓi busasshen katako, a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, kuma ka taɓa kaurin kwanon da hannunka ka gwada shi da wani kafin ka biya.

Kafin a taɓa komai, ka ɗauki hoto da waya: kusurwoyi, kusoshin da suka ɗago, tsagar bango, jirwayen silin, da soron. Tunda ɓarnar ta shafi unguwa guda, ku sanar da mai unguwa da dagaci domin rahoto ya kai ƙaramar hukuma da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, kuma hoton da aka ɗauka kafin gyara shi ne hujjar wanda rufinsa bai yaye ba amma ya lalace. Shi kuwa silin ɗin da ya jiƙe, ka zagaye iyakar jirwayen da fensir bayan an gama gyara, ka bar shi ba fenti har a yi ruwa mai iska sau biyu. Idan bai tsallake layin ba kuma wurin ya bushe, an samu ramin. Idan ya tsallake, a koma cikin silin da tocila a bi sawun danshin tun ana cikin ruwan.